Fiyus a Aljihun Kafinta

Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna aka bugo waya ofis, aka ce injin yanka katako ya kashe mai shi. Sufeto ya ture takardun gabansa, ya kira Saje, suka fita cikin yayyafi.

Shagon yana ƙarshen layin masu sana'a, bango ɗaya da na mai walda. A tsakiyarsa aka kafa injin, tebur ne na ƙarfe, wani faifai mai haƙora ya leƙo ta tsakiya, faɗinsa ya kai na babban faranti. An rufe gawar da zane a gindin teburin. Garin katakon da ke ƙasa ya sha jini har ya dunƙule.

Sufeto ya ɗaga zanen, ya mayar da sauri. Zarton ya kama hannun ne tun daga gwiwa har hammata.

"Wa ya fara ganinsa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji mai walda, wani kakkauran mutum mai jajayen idanu. "An ɗauke wuta, ina zaune ina zagin masu wutar. Da aka kawo sai na ji injin ya tashi, na ji ihu. Na ruga na tsinke wayar layin gaba ɗaya."

"Me ya kai hannunsa ciki?"

"In aka ɗauke wuta, lokacin yake kankare danƙon da ke maƙale wa haƙoran. Amma Yatsa Tara, haka muke kiran marigayin, ba ya wasa da injin nan. Tun da ya cinye masa yatsa shekara ashirin da suka wuce, ko ƙura zai share sai ya zare fiyus ya jefa a aljihu. Ko banɗaki zai shiga da shi yake zuwa. Muna yi masa tsiya, wai ya fi son fiyus ɗin nan da matarsa."

Saje ya yi hamma. "Yau dai ya manta. Tsautsayi ne, yallaɓai, a rubuta a ba su gawarsu."

Sufeto ma haka ya so. Shekarunsa ashirin da shida a aiki, ya gaji da shiga gidajen da ake kuka. Amma ya durƙusa, ya sa yatsu biyu a aljihun rigar mamacin. Ya fito da wani ɗan farin tangaran mai ƙafafun tagulla, ya shafe saboda yawan riƙo.

Su ukun suka ɗaga kai suka dubi akwatin wutar da ke bango. Gurbin fiyus ɗin wayam.

"To da me injin ya tashi?" Saje ya tambaya, hammar ta gudu.

Sufeto ya nemo sukundireba, ya kwance murfin akwatin. A bayan gurbin, inda ido ba ya kaiwa, an haɗe bakin wayoyin biyu da wata siririyar waya, an murɗe ta tsaf. Ko an zare fiyus ko ba a zare ba, wuta za ta wuce.

Sufeto ya juya ga mai walda. "Kai ne mai wasa da wuta a layin nan."

"Ni? Wallahi ko ƙofar shagon nan ba na takawa!"

"Yanzu ka ce kuna yi masa tsiya."

"Daga waje, ranka ya daɗe." Ya goge gumi. "To, nakan shigo aron guduma. Mun yi cacar baki a kan tartsatsina da ke faɗa wa katakonsa, ba na musu. Amma in kashe shi? Da wa zan riƙa faɗa?"

"Ban da shi, wa ke kunna injin?"

"Babu. Ƙanensa, Auta, fenti kawai yake yi. Shi ne fa ya danna makunni ranar da yatsan ya tafi. Tun daga nan Yayansa ya rantse Auta ba zai ƙara taɓa injin ba." Ya dubi injin. "Sai dai kwanan nan, duk Laraba da safe nakan ji yana aiki. Ban kawo komai a raina ba."

Gidan mamacin ba nisa. Mata sun cika tsakar gida, an shimfiɗa wa maza tabarmi a ƙofa. Matarsa ta fito zaure lulluɓe da mayafi, idanunta sun kumbura. A bayanta wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, farcensa duk sun rine da fenti. Ya haura arba'in, amma har yanzu Auta ake ce masa.

Sufeto ya yi musu ta'aziyya, sannan ya ce, "Ina maigidan yake zuwa ranar Laraba?"

"Asibiti, awon hawan jini," ta ce. "Ba ya dawowa sai azahar."

"Da fiyus ɗin yake tafiya?"

"Ko a gida a ƙarƙashin matashi yake kwana."

Sufeto ya dubi Auta. "Kai kana ina da abin ya faru?"

Auta ya buɗe baki, amma matar ta riga shi. "Yana nan gida. Ya zo karɓar musu abinci." Ta matso, ta rage murya. "Yallaɓai, don Allah ka rufa mana asiri. 'Ya'yana biyar, nasa uku, duk shagon nan ke ci da mu. In aka ja shi ofis ana tambayoyi, wa zai tsaya mana? Auta ko kaza ba ya iya yankawa. A hannuna ya girma."

"Haka ne?" Sufeto ya tambayi Auta.

"Haka ne, ranka ya daɗe." Ƙasa yake kallo.

A mota Sufeto ya daɗe bai ce a tayar ba. Yana iya rubuta layi biyu, ya sa hannu, yara takwas su ci gaba da cin abinci. Ba wanda zai tuhume shi. Amma wani ya zauna ya murɗe wayar nan da yatsunsa, kuma mamacin ya sa hannu cikin haƙoran ne da yardar cewa abin da ke aljihunsa ya tsare shi.

"Mu koma shagon," ya ce.

Wannan karon bai kalli injin ba. Ya zagaya can ƙuryar shagon, inda ake fenti. Wata sabuwar ƙofa tana jingine a bango, taku huɗu daga teburin. An shafe rabinta da fenti ruwan ƙasa, shafar ta tsaya a tsakiya. Burushi yana ƙasa, ya sandare.

Ya matsa da fuskarsa kusa. Akwai ɗige-ɗigen jini a jikin ƙofar. Ya sa farce ya kankara, suka ƙi fita. Sun nutse cikin fentin, sun bushe tare.

"Saje, karanta mini gwangwanin nan. Minti nawa yake bushewa?"

Saje ya juya shi. "Goma, yallaɓai."

Suka dubi juna. Saje ya ɗaga wani buhu da aka rufe abu da shi a lungu. Wata kujera ce da ba a gama ba, ƙafafu uku, haɗin ya ɗan karkace. A gefen katakon ana ganin zanen haƙoran inji, layi-layi kamar baka.

Aka aika aka kira Auta. Matar yayansa ta biyo shi, ta ƙi tsayawa a gida, tana faɗin ita ma a tambaye ta.

Sufeto ya nuna masa ƙofar. "Fentin nan ɗanye ne lokacin da jinin ya faɗa. Wa ke riƙe da burushin, in kana gida?"

Auta ya kau da kai daga ƙofar.

Sufeto ya jawo kujerar ya ajiye a gabansa. "Wannan fa, aikin wa?"

Auta ya dubi kujerar. Ya zame ya zauna a kan garin katako.

"Nawa ne," ya ce. "Shekara ashirin ina shafa fenti a kan aikin wani. Yaran da suka zo bayana sun koya, sun buɗe shagunansu. Ni ko na matsa kusa da teburin sai ya ce, 'Auta, koma wajen gwangwaninka.' A gaban 'ya'yana yake faɗa. So na yi in haɗa kujera ɗaya tak, daga farko har ƙarshe, in ajiye masa in ce, Yaya, duba. Shi ya sa na sa wayar. Duk Laraba in sa, in cire kafin ya dawo. Jiya wani ya zo karɓar kaya, na shagala."

"Mantuwa ce ke nan!" matar ta ce da sauri. "Ka ji, yallaɓai, mantuwa ce!"

Sufeto bai dube ta ba. "Yaushe ka tuna?"

Auta ya rufe fuska da tafukansa. "Yana cikin yanka aka ɗauke wuta, makunnin yana kunne. Na ga ya zare fiyus, ya naɗe hannun riga. A nan na tuna."

"Me ya hana ka magana?"

"In na faɗa, zai san na taɓa injinsa. Na ce a raina, wutar nan in ta tafi ai sai la'asar. In ya fita salla sai in cire, ba wanda zai sani. Na buɗe baki sau biyu, wallahi sau biyu. Har ya juyo ya ce, 'Lafiya kake kallona kamar tsohuwar akuya?' Na ce lafiya lau, Yaya."

Yayyafin ya ƙaru a kan kwanon rufi. Saje ya ciro ankwa, ya dubi Sufeto. Sufeto ya girgiza kai, ya kama Auta a kafaɗa ya tashe shi da kansa.

Sun kai bakin ƙofa matar ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba.

"Auta."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Tun da ya sa hannun har aka kawo wutar, minti nawa ne?"

"Yaya, don Allah..."

"Minti nawa?"

"Zai kai biyar."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Saje ya buɗe ƙofar mota.