Famfon Tsohon Jirgi

Ana shirin kiran magariba Injiniya Shehu ya iso gidansa na Gusau, bayan sati shida bai leƙo ba. Shi ne shugaban sashen gyara a wani ƙaramin kamfanin jiragen sama da ke Kano, irin aikin nan da ba a tuna mai shi sai abu ya lalace. Ya zube a tabarma ko takalmi bai cire ba, matarsa Uwani ta ajiye masa kwanon fura, ɗiyarsu Zuwaira tana tankaɗe a bakin madafa.

Sai abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ƙwal. Wani ya biyo, wani ya sake biyowa, ɗaya ya gangaro ya tsaya gaban tabarmar. Shehu ya ɗauka yana zaton tsakuwa ce, sai ya ga noti ne mai tsatsa, irin wanda ba a ɗaura shi a mota ko injin niƙa. Na jirgin sama ne.

"Kwana tara ke nan," in ji Uwani, murya ƙasa-ƙasa. "Na kira ka, kullum kana cikin aiki."

Zuwaira ta saki rariya. Ta miƙe a hankali tana dafa ƙugu kamar tsohuwa, ta nufi bango ta jingina goshinta, ta fara wani nishi mai tsawo. Haka take yi kowace magariba, ba ci ba magana, har ta rame ta zama abin tausayi. Shehu da ya saba a kawo masa matsala ya warware, ranar ya tsaya riƙe da noti bai san ta inda zai kama ba.

Washegari da la'asar ƙanin Uwani ya ɗauko Malam Manu daga 'Yandoto, dattijo siriri da bai cika magana ba. Ya jira rana ta yi ja, ya sa aka zaunar da yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Can Zuwaira ta ɗaga kai, muryar da ta fito ba tata ba ce, ta wata tsohuwa ce da gajiya ta cinye.

"Bari ƙona ni, Malam. Ni ma ban so zuwa ba."

"Wace ce ke, kuma mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Ba ta yi komi ba. Ubanta na nika nema, shi kuwa ba shi da kunnen jin kowa."

Ta ce su aljanu ne, a wata tsamiya suke da zama, aka sare ta don faɗaɗa filin jirgin Kano. Suka koma cikin tsohon jirgin da aka jingine a bakin shinge, wanda ciyawa ta rufe wa tayoyi. Shehu ya san shi sarai. Duk sanda wani jirgi ya rasa kayan gyara, shi ke ba da umarni a je a kwanto daga can, da takarda da sa hannu, komai bisa ƙa'ida.

"Kunka cire ƙofa, munka yi haƙuri. Kunka kwashe kujeru, munka kwana ƙasa. Ko sallama babu wanda ya taɓa yi muna. To, famfon man da kunka cire, jikana na barci ciki. Yanzu yana can sama, Kano zuwa Ikko, safe da yamma. Ni tsohuwa ta, ba ni iya bin shi."

Ta nemi a mayar da duk abin da aka taɓa cirewa. Malam Manu ya girgiza kai, ya ce abin da ba zai yiwu ba kada ta roƙe shi, kuma zaluntar wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, Allah ba zai bar ta ba. Suka yi ta ja, shi ba ya ɗaga murya, ita tana kuka. Daga ƙarshe ta sauko: famfon kaɗai, a mayar kafin jirgin da aka saka wa shi ya sake tashi, kuma duk mai shiga tsohon jirgin ya yi sallama.

"Ka ji," Malam ya ce da Shehu. "In ka ɗauki alkawari, ta fita. In ka saɓa, kada a sake zuwa nemana."

"Na ɗauka."

Zuwaira ta yi atishawa uku, ta sulale jikin uwarta, barci ya kwashe ta.

Shehu ya fita zaure ya kira mataimakinsa Mu'azu a waya. Ya ce jirgin safe ba zai tashi ba, a kwance famfon mansa a mayar inda aka ɗauko.

"Oga, fasinja ɗari da ashirin fa! Famfon nan lafiyarsa ƙalau, kai ka gwada shi. Me zan rubuta a takarda?"

Shehu ya jingina da bango. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, an yi masa barazana, an yi masa tayin kuɗi, bai taɓa sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. Shi ke nan abin da ya tara. Daga tsakar gida yana jin Uwani tana kiran sunan yarinyar a hankali.

"Rubuta yana yoyo," ya ce. "Bar wurin sa hannun, ina zuwa."