Malamar Da Ta Ƙi Buɗe Akwatin Ɗalibanta

A gaban ɗalibanta aka zazzage durowar malamar kimiyya, kwalaben maganin tari goma sha uku suka gangaro ƙasa. Wayyo baiwar Allah! Ko shekara ba ta yi da rasuwar mijinta ba, ga marayu biyu, ga kuma ƙanin mijin nata, malamin horo na makarantar, yana rantsuwa wai ita ke sayar wa yara kayan maye.

Laifinta ɗaya, ta ƙi bulala. Shi a wurinsa darasin ƙwaya shi ne a shanya yara a rana, a zane duk wanda idonsa ya yi ja. Ita kuwa akwati ta ajiye a bayan aji, kowa ya jefa damuwarsa ba suna, ranar Laraba ta amsa ba zagi. Kwalaben ma yaran ne suka kawo mata da kansu, suka ce sun tuba.

Aka dakatar da ita. Maƙwabta suka ɗauke mata gaisuwa, surukarta ta kwashe jikokinta... Kwamitin makaranta ya ce ta buɗe akwatin a gane rubutun masu sha, ko ta rasa aikinta. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta kai kukanta ga Allah, amma makulli ta ce ba za ta bayar ba.

"Ranka ya daɗe, alkawari na yi musu," ta ce wa shugaban kwamiti. "Ku kore ni."

Ya ɗauki biro ke nan zai sa hannu a takardar kora sai shugabar ɗalibai ta turo ƙofa, yara goma sha biyu na bayanta.

"Kwalba ɗaya tawa ce, Baba. Malama ce ta raba ni da ita. Wanda ya sayar min kuwa ga shi nan zaune kusa da kai."

Ɗaya bayan ɗaya suka nuna malamin horo. Ashe darasin Laraba ne ya kashe masa kasuwa! Aka kira 'yan sanda, suka tasa ƙeyar mai bulala.

Kwamiti ya mayar da ita aiki, ya ce duk malamai su koyi hanyarta. Da yamma surukar ta zo riƙe da marayun, ta durƙusa a bakin ƙofa tana neman gafara.

"Tashi, Mama," in ji malama, hawaye na zuba, ta rungume 'ya'yanta. "Allah Ya riga Ya wanke ni."