Layin Farko na Rajista

"Baba, me ya sa mu bakwai ne kawai a makarantarka, ta bayan kasuwa kuwa yara har a ƙasa suke zama?"

Auta ce, 'yar hedimasta, ta tambaya. Shekara shida ke nan da shi da matarsa suka buɗe makarantar a ɗakuna uku. Shi ne malami, shi ne mai kaɗa ƙararrawa, ita ke rubuta rajista. Bencina sai ƙura suke sha.

Da rana tsaka ya je wurin wani boka a gindin dutse. Ɗakin ba taga, sai warin tsohuwar fata, ƙahoni naɗe da jan ƙyalle, da ƙwarya cike da baƙin ruwa. Boka ya ƙi karɓar komai. Ya tsoma alƙalamin hedimasta a ruwan, ya ce makaranta za ta cika, amma duk shekara mai sunan da ke layin farko na rajista nasu ne, su masu tsafi.

"Yaran mutane fa?"

"Malam, ni layi na ce. Kai ke da alƙalami."

Hedimasta ya dawo yana ganin ya yi wayo. Ya karɓe rajista daga hannun matarsa, ya ƙirƙiri sunan yaron da babu shi, ya sa a layin farko. Kullum a kira, shiru, a rubuta bai zo ba. Makaranta kuwa ta cika maƙil, aka ɗora bene, aka sayi motar ɗaukar yara. Bai faɗa wa kowa ba, ko abinci shi kaɗai yake ci a ofis.

A shekara ta biyar da zuwansa wurin boka aka ce masu duba makarantu na tafe, shi kuma yana kwance da zazzaɓi. Matarsa, mace mai tsari, ta kwafe sabuwar rajista. Ta ga ɗalibin da bai taɓa zuwa ba, ta ce wannan abin kunya ne a gaban baƙi, ta cire shi. Suna na biyu ya hau sama. Na Auta ne.

Ranar Litinin aka kira, yarinyar ta amsa, ta kifa kai a benci. Ba ta ƙara ɗagowa ba har abada.

Bayan kwana uku ya faɗa wa matar gaskiya. Ba ta yi kuka ba, sai duban hannunta na dama take yi. Har yau wanke shi take, fata ta saɓule. Iyaye suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, malamai suka watse, ciyawa ta cinye filin wasa. Shi kaɗai ya rage, yana share azuzuwan da ba mai shiga.

Ni uwa ce, shi ya sa nake faɗa. Kai mai neman arziki ta bayan gida, kada ka zaci za ka yi wa masu tsafi wayo. Ba su gaggawa, kuma ba bare suke jira ba, na cikin ɗakinka suke jira.