Motar da Lukuman Ya Hana Iyalinsa Shiga

Duk wanda ya san unguwar Dilimi ya san Lukuman dillalin dankali, mutumin da in maƙwabcinsa ya sayi sabuwar butar shayi sai ya wuni da ciwon ciki. Ga shi da mata mai haƙuri, Mariya, ga 'ya'ya lafiyayyu, Sumayya da ƙanenta Abdulfatah, kuma ba a taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Amma ina! Shi dai mota. Ba ma kowace mota ba, irin doguwar nan ta iyali mai ja da taya huɗu, wadda za ta kutsa gonakin bayan Vom da damina ta kwaso dankali da araha, sauran motoci suna can sun kafe a taɓo.

Kwaɗayin nan ne ya kai shi wajen wani tsohon boka da ke bakin wani ramin kuza da aka daina haƙa, can bayan duwatsu. Shingen ƙerana ya zagaye wurin. Ruwan ramin kore shar, ba kifi, ko tsuntsu ba ya sauka ya sha. A cikin bukkar akwai baƙin tulu da aka ɗaure wa baki da jan ƙyalle, ga ƙasusuwa a zube, ga makullan motoci rataye a jikin wani ƙaho, duk sun yi tsatsa. Mai hankali in ya ga makullan nan zai tambayi ina masu su. Gogan naka kuwa dubawa yake yi ya ga na wace mota ya fi tsada.

"Arziki kake so, kuma yanzu-yanzu," in ji tsohon, ko kai bai ɗaga ba. "Akwai mota a Tudun Wada, gidan wani Siman. Je ka saya, ita za ta kawo maka. Amma masu ramin nan ba sa aikin banza. Za ka ba su mutum daga gidanka."

Lukuman ya gyara zama, ya shiga sana'arsa. "Haba Baba, a duba dai. Gidan nawa duka mu nawa ne? Ba za su karɓi bare ba?"

"Ciniki kake yi da ni?"

"Ragi nake nema, Baba. Mutum ai mutum ne."

Tsohon ya yi wata dariya mara sauti. "To, an rage maka. Kujerar direba ba ruwansu da ita. Sauran kujerun nasu ne. Duk wanda ya shiga da ƙafarsa ya zauna, sun samu. Ko wane ne. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba. Na saya."

Tsohon ya tsaga masa babban yatsa, jinin ya ɗiga a ƙwarya, ya sa shi ya tofa yawu a kai. Ya ɗebo ruwan ramin ya gauraya, ya cika masa gora. Ya ce a zuba rabi a lagireto, a goge kujeru da rabi. Lukuman ya fito yana murmushi, wai shi a dole ya yi wa aljanu wayo. Tir!

Siman ramamme ne, idanu zuru-zuru, gidansa tsit kamar an yi shara. Abin da Lukuman ya taya, shi ya karɓa. Da zai miƙa makulli sai ya ce, "Oga, kana da yara?"

"Biyu."

Siman ya juya ya shige gida. Lukuman ya taho yana ba da labarin ya cuci sakarai.

Ranar da motar ta shigo Dilimi unguwa ta taru, ana shafa ta, ana Allah ya sanya alheri. Yaran suka rugo za su shiga, ya daka musu tsawar da ta sa Abdulfatah fitsari a wando.

"Baban Sumayya, ko zagayen layi ne?" in ji Mariya.

"Motar nema ce. Duk wanda ya taka ta a gidan nan sai na karya shi."

A kan hanya kuwa, zo ka ga kirki! Lukuman da ko ruwa ba ya ba baƙo, shi ne ke taka birki yana leƙo kai. "Mama, shigo in rage miki hanya." Wata tsohuwa Yael, mai kai kabeji kasuwa, ta shiga da kwandonta tana sa masa albarka har ta sauka. Sati bai zagayo ba aka binne ta. Bayanta sai wata malamar asibiti, sai ɗalibai, sai wani ango. Dankali kuwa ya yi ta shigowa, ya buɗe rumbu, ya ɗora bene, 'yan maula suka laƙaba masa Alhaji alhali ko filin jirgi bai sani ba. Matarsa da 'ya'yansa suna nan suna jiran Keke mai ƙafa uku a bakin titi, mata na yi mata dariya, tana haɗiyewa.

Wata rana da la'asar ana tafka ruwan Agusta, motar tana garejin Dalyop bakanike ana gyaran birki. Dalyop mutumin kirki ne, in ya gama aiki shi ke kai wa mai mota har gida. Yana cikin tafiya sai ya hango Mariya da yaran sun taso daga Islamiyya, sun jiƙe sharkaf, ba Keke ko ɗaya.

"Madam! Ah ah, motan ku ne fa, kuna tsaya cikin ruwa? Ku shiga!"

"Maigida ya hana, Dalyop."

"Oga ba zai yi fushi ba. Duba yaro yana rawan sanyi."

Ta dubi Abdulfatah, haƙoransa na haɗuwa. Ta buɗe ƙofa.

Lukuman yana tsaye a ƙofar gida lokacin da motar ta karyo kwana. Fuskoki biyu ya gani manne da gilashi, suna ɗaga masa hannu, baki har kunne.

"Baba! Mun shiga! Kujerar da laushi!"

Dalyop ya fito yana jiran godiya, sai ya ga oga ya zube a taɓo yana ihu kamar akuya.

Cikin ruwan nan Lukuman ya tuƙa motar har bakin ramin. Ya ce a karɓi motar, a karɓi benen, a ɗauke shi a maimakonsu. Tsohon ya ci gaba da sassaƙar icensa.

"Kai direba ne," ya ce. "Ba ruwansu da direba."

Abdulfatah aka fara kaiwa makwanci, bayan ya yi ta aman wani koren ruwa da likitoci suka kasa gane kansa. Ba a gama zaman makoki ba Sumayya ta bi shi. Mariya kuwa hankalin suka ɗauke suka bar gangar jikin. Tana nan bakin titi, in ta ga doguwar mota da yara a ciki sai ta bi da gudu tana dukan gilashi, tana cewa a fito da su.

Rumbun ya ruɓe, benen ya tafi, 'yan maula sun koma wata ƙofar. Motar tana nan a Dilimi, taya a sace, an ɗora mata jarka a ka alamar sayarwa, Lukuman na zaune gefenta yana sharar hawaye. Wai a tausaya masa! Ni kam ban ga abin tausayi ba. Ranar da aka binne tsohuwa Yael tsire ya saya ya ci, har da neman ƙarin yaji.

Kai kuma da ke zagaya motar kana buga taya da ƙafa, kana jin daɗin araha, Allah ya ba ka abin da za ka ci, ka ci ka gode. In kuwa har ka yarda ɗan wani ya mutu domin aljihunka ya cika, je ka gida ka kalli naka da kyau, don ka riga ka sayar da su.