Mai Sunan Baba

A wata makarantar firamare a Bukkuyum, akwai wata yarinya 'yar aji shida. Karatu kam, Allah ya ba ta kai. Amma fa baki, sai ka rantse an ɗinke mata shi. In an yi tambaya, amsar tana kan harshenta, sai tsoro ya hana ta faɗa. Shekara ta yi nisa ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

Malamarsu ta Turanci, Malama Lucy, 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu. Ta iya Hausa daidai gwargwado, amma ba ta gama sanin al'adun garin ba.

Ran nan Malama ta ce, "Yau kowa zai tashi ya karanta. Wanda ya iya, shi zan rubuta cikin masu jarrabawar shiga sakandare."

Yarinyar nan kuwa ba ta da burin da ya wuce sakandare.

Layi ya zo kanta. Ta miƙe, ta buɗe littafi. Kash! Kalmar farko a shafin ita ce Sambo, sunan babanta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa kama sunan nan ba. Wace 'yar kirki ce za ta kama sunan ubanta?

"Karanta mana," in ji Malama.

Yarinyar ta zuba wa kalmar ido.

Ladi, ƙawarta, ta buɗe baki za ta yi bayani. Malama ta ce, "Kada kowa ya sa mata baki."

Ai da sai yarinyar ta ce, "Malama, sunan babana ne." Shi ke nan fa! Amma ina, tsoro ya riƙe ta. Ta tsaya ƙiƙam, kai a ƙasa.

Malama ta girgiza kai. "Zauna. Ban taɓa jin muryarki ba. Ta yaya zan san kin iya?"

Aka rubuta sunaye, babu nata.

A gida ta kasa cin tuwo. Inna ta dube ta. "Ke ɗiyag ga, mi as same ki?"

Ta fashe da kuka, ta faɗa mata komai.

Inna ta ce, "Kunyar ubanki kin yi daidai. Amma ita Malama baƙuwa ce. Ta ina za ta sani in ba ki hwaɗa mata ba? Duba take yi? Gobe ki tahi ki yi mata bayani."

"Inna, tsoro nike ji."

"Ki tahi da tsoron naki. Ba ya cizo."

Da safe ta sami Malama a ƙofar aji. Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Malama, na iya karatun. Sambo sunan babana ne. Mu ba mu kama sunan uba."

Malama ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Ashe haka ne? Ki yafe ni, ban sani ba." Ta ɗago ta. "Kin gan ni nan? Shekarata ta farko a jami'a ko tari ba na yi a aji. Ina tsoron a yi mini dariya. Ranar da na daure na yi tambaya, ashe rabin ajin ma ba su gane ba."

"Ke ma, Malama?"

"Ni ma. Zo ki karanta. In kin zo kan sunan, faɗi abin da kuke faɗa a gida."

Ta tsaya gaban aji da littafin a hannu. Ta ce, "Mai sunan Baba," ta ɗora da Turancinta.

Aji ya kwashe da dariya. Ta ɗan dakata. Kai, ashe dariya ba ta kashe mutum! Ita ma ta murmusa, ta ci gaba. Ta karanta shafin kaf, ko tuntuɓe babu.

Malama ta ɗauki biro ta ƙara sunanta.

Yarinyar ta ce, "Na gode, Malama. Allah shi saka da alheri." Farin ciki ya sa har hawaye ta yi.

Ta ruga gida ta rungume Inna tana godiya.

Daga ranar ta gane cewa kunya abu ne mai kyau, amma shiru ba ya bayani. In abu ya dame ka a aji, ɗaga hannu ka faɗa, ko da muryarka tana rawa.