Gafakar Malam Giɗaɗo

A garin Kebbe akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana zaune da kakarta, Inna Na'iya. A ɗakin Inna akwai tsohuwar gafaka ta fata, rataye a jikin azara.

Wata Asabar Inna ta tafi Tambuwal gaisuwar rasuwa. Yarinyar ta ce bari ta gyara mata ɗaki. Tana kakkaɓe yanar gizo sai gafakar ta faɗo. Takardu suka watse, duk sun yi ja, gefensu ya yage. Rubutunsu irin na allo ne.

A Islamiyya an koya musu cewa irin wannan takarda in ta tsufa ƙonawa ake yi, don kada a taka. Sai ta tattara su, ta kai bayan rumbu, ta kyasta ashana.

Da Inna ta dawo, ta ɗaga kai, igiya kawai ta gani.

"Ke 'yar nan, ina gafakata?"

"Ga ta, Inna. Takardun sun tsufa, na ƙone su don kada a taka sunan Allah."

Inna ta zauna a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba.

"Wayyo, mi kinka yi? Waƙoƙin babana na, Malam Giɗaɗo. Da su ya yaƙi aikin tilas na Turawa, har sunka ɗaure shi. Gara ba ta ci su ba, ruwa bai ci su ba, sai ke."

Yarinyar ta ruga bayan rumbu. Toka kawai ta tarar. Inna ta daina hira, tuwo ma sai ta taɓa ta ture.

A makaranta Malama Khairiyya ta ga yarinyar tana kuka. Ta ji labarin duka.

"Kakarki tana rera waƙa in tana aiki?"

"Tana yi, Malama, in tana tankaɗe."

"To, mu je."

Suka zauna a tsakar gida. Malama ta kunna waya don ɗaukar murya, yarinyar ta riƙe biro. Inna ta yi ta ƙoƙarin tuno waƙoƙin babanta. Kaɗan ta tuno, saura sun tafi har abada.

Ta ƙarshe ita ce wadda Malam ya yi wa matarsa Fadima yana kurkuku. Inna ta rera ta a hankali, ta yi murmushi.

Yarinyar ta saka sababbin takardun a gafaka. Malama ta ajiye kwafi a makaranta.

"Rataye ta," in ji Inna, "ki ba ni ashanar nan."

Duka suka yi dariya. Daga ranar yarinyar ta gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Kafin ka taɓa abin da manya suka adana, ka tambaya.