Eh Ko A'a

Laifinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: ya je ƙasar waje ya koyo magana mai ƙofa biyu, bai tashi gwada ta a kan kowa ba sai a kan yarinyar da ke sonsa.

Lauya ake ce masa a gida, ko da yake saura shekara guda ya gama karatun. Hutun ƙarshen zango ya samu gurbin koyon aiki na wata uku a wani ofishin lauyoyi masu shari'ar cinikayya tsakanin ƙasashe. Hawa na tara, tebur kusa da injin kwafi, fayil-fayil na jiragen ruwan da suka makara da kaya.

Satin farko ya rubuta a wata yarjejeniya, "Za mu kawo kayan." Shugabar sashen ta soke da jan biro.

"Kada ka ƙara ɗaure mu. Ka rubuta za mu yi bakin ƙoƙari. Kullum ka bar wa kanka hanyar fita."

Ya haddace. A wata na biyu ta ce mai yiwuwa su riƙe shi shekara biyu idan ya kammala karatu. Tun daga ranar zuciyarsa ta rabu, yana son ofis, yana son budurwarsa Auta da ya baro a gida, ba ya son ya saki ko ɗaya.

Ran nan da rana yana zaune a matattakala yana cin burodi, Auta ta kira. Shekararsu huɗu tare.

"Jibi za a yi wa Baba aikin zuciya," ta ce. "Ya ce yana so ya ji kafin ya shiga... idan ka dawo za ka turo manyanka?"

"Haba hasken idona! Ai kin san zan yi bakin ƙoƙarina, matuƙar yanayi ya ba da dama..."

"Yanayi? Ni kwantena ce da za ka ce sai teku ta lafa?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Lauya, eh ko a'a?"

"Masoyiyata, abin ba haka yake da sauƙi ba..."

"Ga Baban."

Muryar tsohon ta fito a hankali, numfashi na yanke ta.

"Ɗana, ba tilasta ka nake ba. Ita kaɗai ta rage mini a gabana. In kwanta da sanin tana da kai?"

Yana sonta, wallahi yana sonta! Amma bakinsa ya riga ya saba.

"Baba, niyya tana nan. Sai dai akwai wasu abubuwa da ba a hannuna suke ba, idan suka daidaita..."

Tsohon ya ce, "To. Allah ya ba da sa'ar aiki."

Baba bai farka daga aikin ba.

Da wata ukun suka cika Lauya ya dawo, ko gida bai tsaya ba ya wuce wajenta. Ya same ta a falo tana ninke rigunan marigayin tana sakawa a akwati. Ta rame.

"Auta, na zo. Eh! Gobe ma in kin yarda..."

Ba ta ɗago ba.

"Ka san abin da ya tambaye ni ana tura gadonsa? Ya riƙe hannuna ya ce, 'Yaron nan ban gane Hausarsa ba, eh ya ce ko a'a?'"

"Me... me kika ce masa?"

"Na ce eh ka ce." Hawaye suka zubo mata. "Tunda nake ban taɓa yi wa ubana ƙarya ba, sai a maganarmu ta ƙarshe. Saboda kai! Ya yi murmushi, Lauya. Har albarka ya sa maka."

Ya durƙusa. "Ki bar ni in mayar da ita gaskiya, don Allah..."

"Ba ka iyawa. Duk ranar da na kalle ka, gadon nan zan gani ana turawa."

Ta rufe akwatin, ta shige ciki, ta ja ƙofa.

Ya aika mahaifiyarsa, ya aika yayarsa, duk suka dawo da amsa ɗaya. Ofishin ma ba su riƙe shi ba, wani suka ɗauka. Bayan shekara biyu Auta ta auri wani malamin makaranta da ta zaɓa da kanta. Lauya ya kai arba'in yanzu, yana zaune shi kaɗai.